Cututtukan Bairas a Garken Awakin Tatsa: Yadda Suke Shigowa Gida da Yadda Za Mu Tsare Dabbobinmu da Iyalinmu



 

Mun sha yin bayani kan amfanin madarar akuya, kuma alhamdulillahi da yawa daga cikinku sun fara ajiye akuya ɗaya ko biyu a gida don tatsa. To yau darasin namu a kan ita akuyar ne da kanta, domin madara ba ta fin jikin da ta fito daga cikinsa lafiya.

Abin da ya jawo maganar, saƙo ne daga wata baiwar Allah da ke Nasarawa, nan tsallaken kogi. Ta ce awakinta tara, uku a ciki tana tatsa, yara su sha, ragowar madarar ta sayar wa maƙwabta. Da su take biyan kuɗin makaranta tun bayan rasuwar maigidanta. Sai ta samu wata akuya mai ciki da araha a kasuwa, ta kawo ta haɗa da nata a ranar. Kwana biyar tsakani sabuwar ta fara majina da kwantsa, ta daina cin dusa. Kafin sati biyu zawo ya kama garken gaba ɗaya. Ta ba su kafso ja da rawaya, ta jiƙa musu kanwa, ta sa aka yi musu allurar LA, duk da haka shida suka mutu. Tambayarta guda uku ce: wace cuta ce wannan, yaran da suka sha madarar suna cikin haɗari, kuma yaushe za ta iya sake sayen wata?

Hajiya, Allah Ya mayar miki da mafi alheri. Amsarki tana cikin bayanin nan, kuma don Allah kowa ya daure ya karanta har ƙarshe, don abin da ya same ta yana iya samun kowa.

*DA FARKO: MENE NE BAIRAS?*

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai bakteriya, waɗanda antibayotik ke kashewa. Akwai tsutsar ciki, ita ma da maganinta. Sai kuma bairas, wanda ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shi ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin dabba ko mutum, ya mayar da su masana'antarsa. Shi ya sa antibayotik ba ya taɓa shi ko kaɗan. Allurar LA da ake yawan yi wa dabbobi tana taimakawa ne kawai wajen hana bakteriya su hau kan dabbar da bairas ya riga ya kayar, musamman a huhu. Amma shi bairas ɗin, garkuwar jikin dabbar ce kaɗai ke yaƙarsa. Wannan garkuwar kuwa hanya biyu ake samunta: ko dabba ta kamu ta sha da ƙyar, ko a yi mata allurar rigakafi tun tana lafiya.

A riƙe wannan, don duk sauran bayanin a kansa yake.

*1. PPR, ANNOBAR AWAKI DA TUMAKI*

Wannan ita ce babbar mai kisa, kuma alamun da Hajiya ta lissafa sun yi kama da nata sosai, ko da yake likitan dabbobi ne zai tabbatar. A kudancin ƙasar nan ana ce mata "kata". Ƙwayarta 'yar gida ɗaya ce da ta ƙyandar yara da kuma ta bushiya, cutar da ta taɓa share shanun kakanninmu.

An fara bayyana ta a ƙasar Kwaddibuwa a shekarar 1942. Yanzu tana cikin ƙasashe sama da 70 a Afirka, Gabas ta Tsakiya da Asiya.

Yaya yawanta a wajenmu? Ƙidayar aikin gona ta ƙasa ta shekarar 2011 ta nuna Najeriya na da awaki sama da miliyan 72 da tumaki sama da miliyan 41. Wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda aka ɗebi jinin awaki da tumaki sama da 4,500 a jihohi 12, ya samu alamar cutar a jinin sama da kashi 20 cikin 100. Wato a cikin kowane dabbobi biyar, aƙalla ɗaya ta taɓa haɗuwa da ita. Kuma fa a lura, waɗanda suka rayu ne aka ɗebi jininsu. Waɗanda ta kashe ba su cikin lissafi.

*Yadda take bayyana:*
Daga kamuwa zuwa fitowar alama yawanci kwana 4 zuwa 6 ne. A nan haɗarin yake, domin akuya tana iya tsayawa ras a kasuwa, tana cin harawa, alhali cutar na jikinta.
• Zazzaɓi mai zafi, akuya ta yi lamo, gashinta ya tashi.
• Ruwa daga ido da hanci, daga baya ya yi kauri ya bushe, har ido ya manne, hanci ya toshe.
• Gyambo a dasashi, leɓe da harshe, baki yana wari.
• Bayan kwana biyu ko uku zawo mai ɗoyi ya ɓarke.
• Tari da numfashi sama-sama.
• Mai ciki ta yi ɓari, mai shayarwa nono ya ɗauke.

A garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba kuma ba a yi masa rigakafi ba, tana iya kama kusan kowace dabba, kuma idan ta yi tsanani tana iya kashe har kashi 90 cikin 100. Ta fi tsanani a kan awaki fiye da tumaki, ta fi cin matasa daga wata 4 zuwa shekara 2, kuma gajerun awakin nan na kudu sun fi na Sahel saurin faɗuwa.

Tana yaɗuwa ta atishawa da tari, da majina, miyau da kashi, da komin abinci da bokitin ruwa ɗaya.

*Labari mai daɗi guda biyu.* Na ɗaya, PPR ba ta kama ɗan Adam. Na biyu, tana da rigakafi mai ƙarfi, kuma asalinsa daga ƙasar nan ne. Ƙwayar da aka raunana aka yi allurar da ita an samo ta ne a Najeriya a shekarar 1975, shi ya sa a duniya ake kiranta Najeriya 75/1. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa ta. Allura ɗaya tak tana tsare dabba aƙalla shekara 3. A 2011 aka yi shelar an kawar da bushiya daga doron ƙasa, kuma allurar rigakafi ce ta yi wannan aiki da izinin Allah. A 2015 aka taru a Abijan aka sa 2030 a matsayin shekarar da ake fatan gamawa da PPR ita ma. To kun ga, akuya tana mutuwa a gidajenmu da cutar da rigakafinta yake nan kusa da mu.

*2. ƘURAJEN BAKI MASU ƁAWO*

Kusan duk mai kiwo ya san wannan. Ƙuraje ne ke fitowa a gefen baki da hanci, su yi ɓawo mai kauri kamar ƙanzo. Turawa na ce mata orf. Ta fi kama ƙananan 'ya'ya, kuma tana shiga ne ta inda ƙaya ko busasshen kara ya karce leɓe. Yawanci tana warkewa da kanta cikin sati 3 zuwa 6, amma ga mai tatsa matsalar ita ce ɗan akuya yana shafa wa uwar a kan nono. Kan nonon ya yi miki, uwar ta hana shi sha, yunwa ta kashe shi, hantsar kuma ta kumbura ta kama ciwo.

*A kula:* wannan tana kama mutum. Takan fito a yatsa ko bayan hannu kamar maruru mai ja. Iyayenmu mata da ke ɓantare ɓawon da farce su shafa manja, don Allah a daina da hannu tsirara. A sa safar hannu ko leda, a wanke hannu da sabulu. Ɓawon da ya zuba a share a ƙone, domin ƙwayar tana rayuwa a cikinsa watanni da yawa.

*3. AGANAR AWAKI*

Ita kuma ƙulli-ƙulli ne ke fesowa a fata, an fi ganinsu a inda ba gashi sosai: ƙarƙashin wutsiya, hantsa, hammata da fuska, tare da zazzaɓi. Idan ta shiga huhu tana kashe ƙanana. Wadda ta rayu kuma fatarta ta lalace da tabo, ga shi fatar jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi tana cikin fatun da ake ji da su a duniya. Ba ta kama mutum, kuma tana da rigakafi.

*4. CIWON BAKI DA KOFATO, WANDA MAKIYAYA KE KIRA ƁORU*

An fi saninsa a shanu. A awaki yakan zo da sauƙi: ɗan ɗingishi, ɗan ƙurji a baki ko tsakanin kofato, madara ta ragu. Da yawa ba a ma lura. Amma jarirai kan faɗi su mutu farat ɗaya saboda yana taɓa musu zuciya, kuma akuya tana iya kai shi ga shanu ba a sani ba. Masu awaki a bakin gari, inda ake haɗa mashaya da shanun makiyaya, su suka fi shiga wannan haɗari.

*5. ZAZZAƁIN RIFT*

'Yan uwa, a nan nake so a natsu, domin wannan ita ce mai taɓa ran ɗan Adam.

An gano ta a Kenya a farkon shekarun 1930. Sauro ne ke yaɗa ta tsakanin dabbobi, musamman bayan ruwa mai yawa da ambaliya. Babbar alamarta ita ce *ɓari barkatai*: awaki da tumaki masu ciki su yi ta zubar da ciki a lokaci guda, jarirai kuma su yi ta mutuwa. Mutum yana kamuwa ta hanyar taɓa jini, ɗan da aka yi ɓarinsa da mabiyiya, ko wajen yanka da fiɗa, ko cizon sauro, kuma ana gargaɗi kan ɗanyar madara. Mafi yawan waɗanda suka kamu suna yin zazzaɓi ne kamar maleriya su warke, amma kaɗan daga ciki tana taɓa musu ido, ko ƙwaƙwalwa, ko ta sa zubar jini.

Kada a ce nesa take. A shekarar 2000 ta ɓarke a Saudiyya da Yaman, karo na farko da ta fita daga Afirka. A 2016 ta ɓarke a jihar Tawa ta Nijar, yankin Cintabaraden da Tasara, mutum sama da 30 suka rasu, akasarinsu makiyaya. Mun kuma san dabbobin Nijar suna gangarowa kasuwanninmu. A Najeriya ma an sha samun alamarta a jinin dabbobi. Mu da ke zaune kusa da kogin Kaduna, inda ruwa kan kwanta a Agusta da Satumba, ya kamata mu san sunanta.

Ƙa'ida a nan guda ɗaya ce: akuya ta yi ɓari, kada a taɓa abin da ya fito da hannu tsirara, kada mai juna biyu ta je wajen, kada a jefa a kwata ko bola kare ya ja. A sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfi a binne. Idan biyu ko uku suka yi ɓari a jere, a kira likitan dabbobi a ranar.

*6. CIWON GAƁƁAI NA AWAKIN TATSA, CAE*

Wannan ta masu sayen awakin ƙasar waje ce. Yanzu matasa da ma'aikata da yawa sun shiga kiwon zamani, ana neman irin su Sanen 'yar asalin Suwizalan mai ba da lita 2 zuwa 3 a rana, alhali tamu ta gida da wuya ta wuce rabin lita zuwa lita ɗaya. Abu ne mai kyau, amma a san abin da ke iya biyo su.

An fara bayyana CAE a Amurka a 1974. Tana wucewa ne daga uwa zuwa ɗa ta dakashi da madara, kuma idan ta shiga jikin akuya ta zauna ke nan har mutuwa. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi. Yawancin masu ɗauke da ita ba sa nuna komai. Wasu kuwa sai bayan shekaru gwiwa ta kumbura, akuya ta riƙa tafiya a durƙushe, hantsa ta yi tauri kamar dutse ba madara, ta yi ta ramewa tana ci. 'Ya'ya 'yan wata 2 zuwa 6 kuma ƙafafun baya kan shanye.

Wani bincike da aka yi a ƙasashe da dama a shekarun 1980 ya samu cutar a sama da kashi 60 cikin 100 na awakin da aka gwada a Amurka, Kanada, Faransa, Norwe da Suwizalan, amma kaɗan ƙwarai a awakin gargajiya na Afirka. Me ya kawo bambancin? Salon kiwo. A can ana haɗa madarar iyaye da yawa a mazubi ɗaya a shayar da 'ya'ya duka, sai uwa ɗaya mai cuta ta shafa wa garke gaba ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Don haka mai sayen baƙuwar akuya mai tsada ya nemi shaidar gwajin jini, kuma kada ya haɗa madara wajen shayar da 'ya'ya. Ba a san ta da kama mutum ba.

*ABUBUWAN DA KE BUƊE WA CUTA ƘOFA A UNGUWANNINMU*

*Na ɗaya, sabuwar dabba.* Wannan ita ce babbar ƙofa. Akuyar da ka gani a hannun dillali ta kwana a mota da ɗaruruwan dabbobi daga garuruwa daban-daban, ta sha ruwa a mazubi ɗaya da su, ta galabaita. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya: wasu idan suka ga cuta ta shigo garkensu, kasuwa suke rugawa da sauran kafin su faɗi. Idan ka ga farashi ya faɗi ƙasa warwas, ka tambayi kanka dalili. Araha ba ta ado.

*Na biyu, lokacin Babbar Sallah.* Raguna da awaki suna cika bakin titi daga Kakuri har Sabon Tasha. A sayo ragon layya a ɗaure shi a turke ɗaya da awakin gida na sati guda. Rago ya tafi ranar Sallah, cutar da ya zo da ita ta zauna.

*Na uku, sakin awaki suna yawo.* A Makera, Nasarawa, Tirkaniya da Kudenda, da safe ake buɗe ƙofa awakin layi gaba ɗaya su haɗu a bola ɗaya da bakin kwata ɗaya. A wajen cuta, awakin unguwa garke ɗaya ne, ko da masu su ashirin ne.

*Na huɗu, aron bunsuru.* Bunsuru ɗaya yana zagaya gida goma don barbara. Duk abin da ya ɗauko a gida na uku zai kai gida na huɗu.

*Na biyar, yanayi.* An fi ganin ɓarkewar PPR a sanyin hunturu da farkon damina. Ƙura da sanyi suna raunana huhu, abinci ya yi ƙaranci, dabbobi su cunkushe wuri ɗaya don ɗumi.

*Na shida, matsi da danshi.* Gidajenmu na cikin gari ba fili. Awaki goma a lungun da bai fi na uku ba, ba iska, kashi da fitsari sun taru.

*Na bakwai, 'ya'yan da aka haifa bayan rigakafi.* Kariyar da ɗa ke samu a dakashin uwarsa tana ƙarewa wajen wata 3 zuwa 4. Akuya kuwa ga haihuwa, cikinta wata 5 ne kacal. Garken da aka yi wa allura shekara biyu baya, yau rabinsa sababbi ne da ba su da kariya.

*Na takwas, allura ɗaya da hannu ɗaya.* Mai yi wa dabbobi allura yana bi gida-gida da sirinji ɗaya da takalmi ɗaya. Mai tatsa ya taɓa mara lafiya ya wuce kan mai lafiya bai wanke hannu ba.

*TO MENE NE ABIN YI?*

1. *Killace sabuwa kwana 21.* Wuri daban, komi daban, bokiti daban, ba haɗa hanci. A fara kula da na gida, ita a ƙarshe, sannan a wanke hannu. Wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, ita ma sabuwa ce. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kawo su cikin na mai lafiyayyu.

2. *Rigakafin PPR* ga duk akuya da tunkiya da ta kai wata 3 zuwa 4, kuma duk shekara a bi sababbin haihuwa. A yi kafin hunturu ya kankama. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, tana son sanyi, kuma idan aka haɗa ta da ruwanta cikin kamar awa 2 ake gamawa da ita. Saboda haka dabara ita ce maƙwabta su haɗu, a sanar da mai unguwa, a sa rana ɗaya, a kira ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma ko likita mai rajista. Kuɗin ya yi sauƙi, layin gaba ɗaya ya samu kariya. Wanda ya zaro kwalba daga aljihu ba ƙanƙara, a ce masa an gode. Kuma rigakafi na mai lafiya ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta kwanta.

3. *Wajen saye a duba:* ido, hanci, a buɗe baki a ga dasashi, a ɗaga wutsiya a ga ko akwai alamar zawo, a shafa hantsa da gwiwa. Ya fi kyau a saya a gidan da aka sani. Mai neman iri mai kyau ko shawara, akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ba su yi mana nisa ba.

4. *Idan ɗaya ta kwanta* a ware ta nan take, a daina sakin sauran, a sanar da maƙwabta. Ba abin kunya ba ne. Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma sai ya faɗa maka za ka sani. A goge mata ido da hanci da ruwan ɗumi, a ba ta ruwan gishiri da sukari saboda zawo, da abinci mai laushi kamar kunun dusa da ɗanyen ganye, a ajiye ta inda ba iska mai sanyi. Sau da yawa ƙishirwa da yunwa ke ƙarasa su. Maganin huhu kuma likita ne zai rubuta.

5. *Kada a kai mara lafiya kasuwa.* Ɓoye aibin abin sayarwa ha'inci ne, kuma wata Hajiyar ce za ta saya ta kai wa marayunta. Haka nan dabbar da rashin lafiyarta ya bayyana ba ta isar wa layya.

6. *Mushe a binne da zurfi.* Kada a jefa a kogi ko kwalbati. A kwashe kashin, a wanke komi da bokiti da sabulu da bilic, a bar wurin ya sha rana.

Nasan wasu za su tambaya: habbatussauda fa, da tafarnuwa, da saƙe-saƙin da muka gada? 'Yan uwa, amana ce tsakaninmu, ba zan ce muku suna kashe PPR ba. Abinci mai kyau da kulawa suna ƙarfafa jiki, amma babu abin da ke maye gurbin allurar rigakafi da killacewa. Mu ɗaure raƙuminmu sannan mu yi tawakkali.

*MAGANAR MADARA*

• Duk madarar da za a sha a *tafasa ta*, ko da akuyar gida ce kuma lafiyarta ƙalau. A kamfani ana dumama ta a digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. Mu da ba mu da ma'auni, a bari ta tafaso sosai ana juyawa, a sauke a rufe. Mai yin kindirmo ma ya fara tafasawa. Masu cewa tafasawa na kashe maganin da ke ciki, abin da ake rasawa kaɗan ne, abin da ake tsira daga gare shi babba ne. Ban da bairas akwai bakkale, cutar bakteriya mai sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da ciwon gaɓɓai, a yi ta shan maganin taifot da maleriya ba sauƙi. Tun 1905 aka gano a tsibirin Malta cewa ɗanyar madarar akuya ce ke yaɗa ta.
• Akuya mai zazzaɓi, ko wadda ta yi ɓari, ko mai miki a kan nono, ba a shan madararta ba a sayarwa.
• Wadda aka yi wa allurar antibayotik, a zubar da madarar har kwanakin da likita ya faɗa su cika. Tafasawa ba ta cire magani.
• A wanke hannu da hantsa kafin tatsa, a fara da masu lafiya.
• Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, madarar akuya ba ta maye masa nonon uwa. Tana da ƙarancin wani sinadari mai gina jini, kuma ta yi wa ƙodarsa nauyi. Uwar da nononta bai isa ba ta je asibiti a ba ta shawara.

*AMSAR HAJIYA A TAƘAICE*

Alamun sun fi kama da PPR, kuma ga dukkan alamu sabuwar akuyar ce ta shigo da ita. Idan ita ce, yaranki ba za su kamu ba, ki kwantar da hankalinki. Amma tunda an yi wa awakin allura, a dakata da shan madarar har likita ya ce, kuma duk yaron da ya yi zazzaɓi a kai shi asibiti a faɗa musu akwai dabbobi marasa lafiya a gida. Waɗanda suka rayu, idan PPR ce suka sha, sun samu kariya ta tsawon rai, kada ki sayar da su da asara, su ne jarinki. Ki tsaftace wurin, ki bari aƙalla sati 3 zuwa 4 su wuce bayan ta ƙarshe ta warke ko ta mutu, sannan ki kawo wata, a yi mata rigakafi, ki killace ta kwana 21. Ki kuma sanar da maƙwabtanki yau, kada a bari sai gobe.

Allah Ya sanya albarka a dukiyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu da iyalanmu daga annoba.

A tura wa duk wanda aka san yana kiwo, musamman iyayenmu mata. Wadda ba ta iya karatu ba, a zauna a karanta mata.